Sallamar Gwaggo a Babin Ƙarshe

Da na gama sakandare sai na zauna gida a Ƙofar Guga, ba karatu ba sana'a, sai wanke-wanke. Shi ya sa da na ji ana neman masu aikin sa-kai, su riƙa karanta tsofaffin littattafan adabi da falsafa ana ɗauka a waya don ɗalibai makafi, ban shawarci kowa ba na ce ina so. Mai duba aikin wata ma'aikaciyar gwamnati ce 'yar kudancin Kaduna, Anti muke ce mata. Ta ba ni littafin wani masanin zamanin da, wanda aka mayar Hausa, duk maganarsa a kan danne fushi ce. Sharaɗinta ɗaya: kada a ji komai sai muryata.

A gidanmu? Inna man gyaɗa take sayarwa, tun safe mata ke shigowa. Kuma ba wadda za ta yi sallama ta wuce. Sai an amsa, an tambayi kwana, an tambayi gajiya da yara da jikin tsohuwa. Ni kuwa ban iya yanke murya in haɗa ba, in aka katse ni sai in koma farkon babi. Na koma ɗakin ajiya, tsakanin buhunan gero, zufa na ɗiga a kan takarda. Duk da haka Anti ta yi ta dawo mini da aikin.

"Ƙanwata, muryarki da daɗi," in ji ta a waya, "amma yanzu har na san wadda jikanta ke haƙori a unguwarku. In babin ƙarshe bai zo tsaf ranar Juma'a ba, zan ba wani littafin, ya soma daga farko."

Ranar Alhamis Inna ta tafi Babbar Kasuwa sayen gyaɗa, gida ya yi tsit. Na shiga ɗakin na soma. Ban taɓa karatu mai kyau irin na ranar ba. Saura shafi ɗaya na ji sallama daga zaure, muryar Gwaggo, yayar babana. Na ce a raina wayar ba za ta ɗauko daga nesa ba, na ci gaba. Ta sake, da ƙarfi. Ta kuma sakewa. Tana jin muryata sarai, ni ma ina jin tata. Can na ji takalminta ya juya.

Da yamma Inna ta tasa ni gaba har gidan Gwaggo a Ƙofar Sauri, na durƙusa.

"A'a, tashi, 'yar rediyo," in ji Gwaggo. "Mu su wa, da za a amsa mamu? Lahiya lau, je ki ci gaba da labarai."

Na haɗiye, tunda dai babin ya kammala. Na tura.

Ranar Asabar Anti ta kira. Ashe ta kunna wa ɗaliban babin don su gwada saurare. Sallamar Gwaggo ta fito raɗau, ajin gaba ɗaya ya amsa mata.

"Daga nan sai tambaya," in ji Anti. "Wace ce ta shigo? Me ya sa aka ƙyale ta a tsaye? Wata ma cewa ta yi mai karatun nan ba ta da tarbiyya. Ba wanda ya ji abin da masanin ya faɗa."

Na ce, "To Anti, in amsa ki dawo da shi, in ƙi amsawa ki dawo da shi. Ya kike so in yi?"

Ta ce in yi haƙuri.

Wani mutum aka ba littafin, mai ofis da ƙofar da ake kullewa. Da nasa ya fito na saurara. Tsaf yake, ko tari babu, yana ja kamar mai sanarwar rasuwa. Ban kai rabin babin farko ba na kashe wayar.