Faɗuwar Kakata a Bakin Rijiya

Shekarun baya can, kakata ta wajen uwa ta zame a bakin rijiya a gidanmu na Yargoje, ƙugunta ya karye. Babu wanda ya san shekarunta, amma ta ga jikokin jikokinta. A asibiti aka yi abin da za a iya aka sallame mu. Likita ya ja mahaifiyata gefe ya ce ba karayar ke tsorata shi ba, kwanciyar ce. Tsoho idan ya daɗe kwance sai gyambo ya fito, ƙirji ya cushe, abinci ya fita ransa.

Haka kuwa aka yi. Ta daina cin tuwo, kunu ma sai an yi ta lallashi. Ta fara rabon kayanta, wannan ta ba shi akuya, waccan tasa. Ni kuma na zo daga Kankara da lemo da ayaba, ina ta zuba mata bayani kamar ni na rubuta maganin. Ta dube ni ta ce, "Angona, surutunka ya fi ƙugun nan ciwo."

Ana cikin haka aka kawo ƙawarta daga Ketare a bayan babur, wata tsohuwa Kirista da suka yi tallan gyaɗa tare tun suna 'yan mata. Sai da aka ɗauko ta aka shigo da ita ɗakin. Ba ta yi ko sannu ba. Ta ce, "Mi kike yi kwance? Tahiya za ki yi ki bar ni da yaran ga?"

Ta ƙi komawa gida, ta kuma rantse ba za ta sa komai a baki ba sai kakata ta ci. A kwano ɗaya suka dinga shan fura suna gulmar mutanen da suka daɗe da rasuwa. Sannu a hankali kakata ta zauna, daga baya ta kama sanda.

Ta ƙara shekaru masu yawa, har ta riƙe 'yata ranar suna. Ƙawar ce ta riga ta tafiya. Da aka faɗa wa kakata, sai ta ce yanzu duk duniya babu sauran mai kiranta da sunanta, kowa Hajiya, kowa Kaka.

Har yau idan na je gaida tsoho, bayan na tambayi jiki nakan tambaya ko akwai sauran tsaransa da ke raye. Idan akwai, ni nake zuwa in ɗauko shi.