Direban da Ba Zai Jira Gam Ya Bushe Ba

Kun san direban Yelwa, ko ruwan batir ba ya saye sai ya yi ciniki. To wannan da nake kallo a shagon masu gilashin mota, an ce masa dubu casa'in, ya ce a sa kawai.

Dogo ne siriri, rigarsa na warin busasshen kifi, da alama shi yake ɗauko wa 'yan kasuwa daga ƙauyukan bakin ruwa. Tsohon gilashin yana jingine da bango, da huda guda zagayayya, taƙi ɗaya daga inda kan direba yake zama. Wanda ya san aikin harsashi ba ya tambaya. Duk babur ɗin da ya wuce, sai kafaɗunsa sun zabura.

Wayarsa ta yi ƙara, ya gyara murya. "Inna, lahiya lau nike. Ɗan dutse na ya fasa shi. Ina tahe."

"Malam Cindo, sai fa gam ya bushe," in ji mai gyaran. "Awa ukku. Ka hau ramukan ga yanzu, babu ruwana."

Cindo ya ɗaga kai yana auna rana. An riga an yi la'asar. Ina jin gidansu yana can wajen Ngaski, kuma hanyar da ya fito ita ce ta komawa. Wa zai so magariba ta same shi a dajin nan?

"Ƙara mini salatif a kowace kusurwa," ya ce.

Ya kai makulli zai tayar da motar. Sai a karo na uku ya shiga.