Injin Jirgin Surukina

Surukina direba ne kafin ya zama mai jirgi. Ya yi shekaru yana jan motar ma'aikata a wata masaƙa a Kakuri. Da aka rufe masaƙar, sai ya tattara abin da aka sallame shi da shi ya sayi kwalekwale da wani tsohon inji, irin wanda ake maƙalawa a bayan jirgi. Da shi yake tsallakar da mutane kogi daga wajen Kudenda, mata masu kayan lambu da 'yan aikin kamfani waɗanda ba sa son zagayen gada. Wannan injin ne yake ciyar da gidansa, gidan kuwa ba ƙarami ba ne.

Ni gyaran janareta nake yi a Makera. Ban daɗe da auren 'yarsa ba aka aiko mini cewa injin Baba yana ɗaukar zafi yana mutuwa a tsakiyar ruwa, in zo in duba. Ban taɓa buɗe injin jirgi ba, amma wa zai aika wa surukinsa cewa bai iya ba? A lokacin ko ruwa ba na iya sha a gabansa. In na hango shi a hanya, lungu nake shigewa. In ta kama dole mu gaisa, takalmi a hannu nake tsugunnawa, idona a ƙasa, har ya gaji ya sallame ni.

Na kwaso injin zuwa shago, na tsoma ƙafarsa a cikin duro cike da ruwa, na ja igiya. Ya tashi lafiya. Irin wannan injin da ruwan kogi yake sanyaya kansa, kuma akwai wata 'yar kafa a gefe da ruwan yake tsartowa, masu jirgi suna kiranta fitsarin inji. Na zuba ido, ko ɗigo babu. Na zura waya a kafar, ba a toshe take ba. Na duba ragar da yake shan ruwa ko leda ce ta liƙe, don kogin namu ledarsa ta fi kifinsa yawa, nan ma tas. Sai da na kwance ƙafar injin na ga ɓarnar. Akwai wata 'yar fankar roba da take tura ruwan sama, fukafukanta duk sun kakkarye, sai ƙaurin ƙonanniyar taya take yi.

Na kai ta wurin wani ɗan Ibo mai sayar da kayan inji a Kakuri. Ya jujjuya ta, ya shinshina, ya ce yashi yana cin roba amma ba ya ƙona ta, wannan wani ne yake tayar da injin a kan tudu babu ruwa. Na ce masa ba zai yiwu ba. Na sayi sabuwa na sa, na tsince gutsattsarin tsohuwar daga cikin bututu, ruwa ya tsarto da ƙarfinsa. Ranar har wata tafiyar ƙasaita nake yi.

Da sassafe na mayar da injin gidan Baba, don a gida yake kwana saboda ɓarayi. Ya yi godiya, ya maƙala shi a jikin wani benci a ƙofar gida, ya yi bismilla, ya ja igiya. Injin ya ɗauki ruri, babu ko ɗigon ruwa a ƙarƙashinsa. Baba ya karkata kunne yana saurare, yana ɗan ƙara masa wuta. Ya juya ga abokansa dattawa da suke zaune a tabarma, ya ce duk shekarun da ya yi yana tuƙi bai taɓa fita da mota bai ɗuma ta ba, shi ya sa inji bai taɓa bugawa a hannunsa ba. Dattawa suka gyaɗa kai. Ni ina tsugune ina jin ƙaurin robar da na sa jiya.

"Ko ba haka ba ne, Malam?" in ji shi.

"Haka ne, Baba," in ji ni.

Daga nan na shiga neman wanda zai faɗa masa ba ni ba. Na fara da matata. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce na manta ita 'yar fari ce? Tun da aka haife ta Baba bai taɓa kiran sunanta ba, in ta gaishe shi bango yake amsa wa, ita ce za ta je ta koya masa tayar da inji? Surukata kuwa ta fi shi wuya, in na shiga gidan ɗaki take shigewa mu gaisa ta bayan labule. Na yi tunanin abokansa, sai na ga hakan kai kuskurensa waje ne.

Sai na yi dabara. Na sayi duro na kai masa, na ce da murya ƙasa-ƙasa ko za a riƙa gwada injin a ciki. Ya sa mini albarka sosai. Da na koma, na tarar an wanke duron an rufe shi da faifai, ruwan shan gida ake tarawa a ciki.

Haka muka yi ta yi. Roba ta ƙone, a aiko, in canza, in mayar, a ɗuma. Ɗan Ibon nan in ya hango ni tun daga nesa yake miƙa hannu kan kanta. Wata rana ya ce, "Oga, cinye ta kake yi? Faɗa wa tsohon mana, ba cizonka zai yi ba." Na ce masa ba zai gane ba. Ya ce gwara da bai gane ba.

Da damina ta yi nisa, kogi ya cika ya kawo jan ruwa, injin ya mutu da Baba a tsakiya, jirgi cike da mata da kwandunansu. Ruwa ya ja su ƙasa sosai kafin ya samu ya kai su gaɓa da filafili. Allah ya tsare, ba a rasa rai ba, amma kayan wasu sun tafi, wata tsohuwa kuma ta kwanta jinya saboda firgita. Da labarin ya iso ni, sai na zauna a kan janaretan wani.

A wannan karon ɓarnar ta wuce roba. Fentin kan injin ya tashi ƙuraje, gaskit ɗin da ke liƙe kan da jikin injin ya ƙone, kan ma ya ɗan lanƙwashe. Na shimfiɗa takardar yashi a kan gilashi na yi ta gurza shi har ya daidaita, hannuna ya yi kanta. Ina cikin wannan aiki matata ta dawo daga gida ta ce Baba ya yanke shawara, in na gama zai sayar da injin ga 'yan gwangwan, ya haƙura da jirgi. Ta tambaye ni me ƙannenta za su ci.

Da na gama ban kai shi gida ba. Na aika a roƙi Baba ya same ni a bakin kogi bayan la'asar, lokacin da mutane suka ragu. Na ɗaura injin a jirgi, na sauke ƙafarsa cikin ruwa, na ja. Ruwa ya tsarto. Na kashe, na tsugunna a cikin laka, na faɗa wa ƙasa abin da ya kamata in faɗa wa Baba tun tuni: cewa injin lafiyarsa lau, cewa wannan ba kamar mota ba ne, ɗumin safen nan a kan benci shi yake ƙona robar, kuma ko kaɗan aka yi ya isa.

Baba ya matso bakin jirgin. Yana kallon injin.

"Tun yaushe ka sani?"

"Tun ranar da na fara dawo da shi, Baba."

Ya ce to. Sannan ya faɗa mini, ba da faɗa ba, cewa masu jirgi sun sha ce masa ya kai injin wurin wanda ya iya, shi kuwa ya ƙi, don kada a ce ya raina aikin mijin 'yarsa. Duk wanda ya yi magana sai ya ce yaro ne, koyo yake yi, a yi masa haƙuri. Sayarwar ma don kada wata rana a rasa rai a ce hannuna ne. Matan da suka kusa nutsewa kuwa gida-gida ya bi su, ya ba mazajensu haƙuri a madadina.

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce a bar shi a haka, don Allah, ni na yarda a ci gaba da cewa ban iya ba.

"A'a," in ji shi. "Na ɗora maka abin da ba naka ba a gaban mutane. A gabansu zan sauke."

Na roƙe shi har da hawaye, ya juya ya nufi gida. Washegari bai fita da jirgi ba. Matata ce ta gaya mini ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, ya fara da gidan tsohuwar da take kwance.