Dogon Madubin Kawu

Jiya ina kakkaɓe akwatin marigayi Kawu na ci karo da dogon madubin kyamararsa. Robar da ya ɗaure shi da ita ta ruɓe. Ina karkata shi ƙasa sai ya zamo da kansa, suuu, kamar dā.

Halinsa ke nan: in ka duƙar da bakinsa, nauyinsa ya ja shi gaba, ya jawo na nesa kusa ba ka so ba. Kawu kan ce mini, "Riƙe mai baki, ɗiyata. Wanga abu bai da kunya."

Bayan samun 'yanci da 'yan shekaru, ina sabuwar malama a lakwal, wato makarantar boko, muka hau dutsen Dogon Dutsi don ya ɗauki hoton gonakin hatsi. Can ƙasa ana goge, 'yan bori na wasa, kuma kowa ya san ba a ɗaukar wadda Doguwa ta hau. Kawu ya saki hannu ya kori ƙuda. Madubin ya zame ya jawo wata da Doguwa ta hau kusa, yatsansa ya danna.

Ya sauke kyamarar a hankali.

"Kawu, lafiya?"

"Tana kallona. Daga can, ni take kallo."

Bai taɓa wanke fim ɗin ba. Kafin kaka idonsa na dama ya yi fari. Likita ya ce yanar ido ce, Kawu bai musa ba, ya dai nemo roba.

Na mai da madubin ban leƙa ba. Allah ya ji ƙanka, Kawu, ya buɗe maka idanu biyu a inda babu abin tsoro.