Batirin Wayar Baba

"Baba, wayar nan lafiyarta ƙalau," in ji Chinedu mai gyaran waya a Sabon Gari, da Hausarsa ta haifaffen Kano. "Lokeshan ne a kunne kullum. In kuma ka shiga lungun da babu sabis, sai ta yi ta lalube har ta galabaita. Akwai mai duba inda kake."

Ni ne mai dubawar. Ranar da mahaifina ya fita daga Fagge zuwa tashar jirgin ƙasa, tsohon wurin aikinsa, ya kasa gane hanyar gida, a ranar na kunna lokeshan ɗin a wayarsa, ban faɗa masa ba.

Sati biyu ina rubuta cajin wayar a littafina: a cike da safe, a mace kafin la'asar. Na zargi batir, na zargi caja. Ban taɓa kawowa aikina ne ba, shi ya sa na raka shi wurin gyara da ƙafata.

Chinedu ya ce, "In kashe?"

Na sunkuyar da kai. Baba ba ya son a nuna masa ya tsufa.

Ya gyara hularsa. "Bar shi, ɗana. Mai bibiyar tawa ba shi da wayo, amma nawa ne. Ba ni abin nan na aljihu da ake ƙara caji."

Har muka iso gida bai sake tayar da zancen ba. Ni kuwa har yanzu ina mamakin yaushe ya gane.

Jama'a, in tambaye shi, ko in yi shiru yadda ya yi?