Katin da Na Ajiye Kan Alƙur'ani

Tun ranar da muka sa ɗiyata makaranta a unguwarmu ta Morris Heights, nan ƙasar Turawa, nake cikin fargaba. In na yi mata Hausa, da Turanci take amsawa. Ni kuwa bokona bai wuce aji uku ba. Kullum gani nake za a koya mata abin da zai taɓa addininta ina zaune ban sani ba.

Tana shekara bakwai makaranta ta kai su gidan tarihi a Manhattan. Ta dawo da kati, hoton shafin wani tsohon littafi: rubutu irin na allo sama da ƙasa, a tsakiya mace da mayafi shuɗi riƙe da jariri, dattawa masu rawani sun durƙusa, ga ruwan zinari a gefe. A gidanmu ba a barin rubutun Larabci a ƙasa. Na yi alwala na ɗora shi kan Alƙur'ani, saman kwaba. Har na koya mata ta sumbace shi in ta sauko da shi.

Sai wata Juma'a wani Alhaji mutumin Nijar, mai sayar da turare a titin 125, ya zo wajen maigidana. Na kawo masa katin ya karanta mana.

Ya gyara tabarau. "Hajiya, wa ya ce maki Larabci ne? Farisanci ne, na mutanen Iran. Annabi Isa ne aka zana da Nana Maryam, yadda Kiristoci ke ba da labarin. Ba ki ga gicciye a kusurwa ba?"

Wata biyu ke nan yana kan Alƙur'ani!

Ɗiyata ta ɗago daga cin tuwo, ta ce ai ta sani, an rubuta a baya da Turanci. Wai malamarsu ta ce mai zanen ma Musulmi ne, shi ya sa ya yi wa kowa rawani. "Mama, ba ni abina, yana da kyau."

Ban ba ta ba. Yana cikin ambulan a jakata, ita kuwa kullum sai ta tambaya. Ba na iya jefa shi a shara, hannuna kuma ya ƙi ƙona fuskar Annabi.

Don Allah, in kun san mai karanta Farisanci, ku tambayar mini abin da layukan suka ce. Ina so in sani kafin in ba ta amsa.