Tomie da Ƙofar 'Yan Gida

Kafin kantin Tamashiro ya ɗaga ƙyaurensa, Gushiken Tomie ta riga ta jingine kekenta a bayan ofishin ƙauye. Sai ta zuba shayin fure, ta leƙa teku ta taga, ta kunna kwamfuta ta sanar da mutanen tsibirinmu ko jirgin ruwa zai taso yau ko iska ta hana. Sannan sauran labarai su biyo: ranar saran rake, wadda ta haihu, akuyar wa ta ɓalle ta shiga gonar wa. Haka take yi tun gashinta na baƙi wuluk. Ga shi ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma na rantse rabinmu sun ɗauka shafin intanet ɗin da take zuba labaran shi ke rubuta kansa.

Fuska biyu gare shi, shafin namu. Wani kamfani na babban birni ne ya gina shi, ya ɗora masa dabara: duk wanda ya shigo, sai shafin ya duba daga wace ƙasa ya ɓullo. In daga Japan ne, ya buɗe masa labaran gida da harshenmu. In daga waje ne, ya tarbe shi da Turanci da hotunan farin yashi da wuraren kwana. Mu da ke zaune a gida, ina muka san da wannan?

Wata safiya waya ta yi ƙara. Muryar tsoho ce, da irin maganar tsibiri wadda ko iyayenmu sun fara mantawa.

"'Yar gidan wa ke nan?" Ko gaisuwa babu. Dama a nan gidan mutum ake tambaya kafin sunansa.

"Gidan Bakin Rijiya ne, Baba."

"Af! Jikar Kamado mai faɗan tsiya? To ni ne Seikichi na Gidan Gabas. Daga Brazil nake kira."

Yana saurayi ya bar tsibirin, shekarun da yunwa ta tura samarinmu noma a can. Bai ƙara tako shi ba, yanzu kuma likita ya hana shi doguwar tafiya. Jikarsa ce ta gaya masa garinsu na da shafi.

"Na sa tabarau, na gyara zama, sai ga Turanci," in ji shi. "Wai ga bakin teku mai kyau, in zo in huta. Ni za a gwada wa bakin tekun nan? A bakin tekun nan uwata ta zane ni saboda na ɓatar da takalmi!"

Tomie ta yi dariya, amma da ta ajiye wayar sai abin ya tsaya mata a rai. Mutum ya kwashe rayuwarsa yana begen gida, ya samu 'yar kafar leƙowa, gidan kuma ya ɗauke shi ɗan yawon buɗe ido.

Ta duƙufa. Ashe kowace waya da kowace kwamfuta takan raɗa wa shafi harshen da mai ita ya fi so. Sai Tomie ta sa shafin ya daina duba ƙasa, ya saurari wannan raɗar. Abin ya yi aiki. 'Ya'yan tsibiri da ke Hawai da Peru suka fara kira, wasu da kuka, wasu don su ji ƙarshen rigimar akuya. Amma Seikichi shiru. Da ta gaji da jira ta kira shi da kanta, sai ta gane matsalar: kwamfutar jikarsa ce, harshen Brazil take nema, shafinmu kuwa ba shi da shi. Da shafin ya rasa abin yi sai ya koma ga Turancinsa.

"Bar shi, 'yata," in ji tsohon, muryarsa ta yi ƙasa. "Wataƙila na'urar ce mai gaskiya. Na daɗe da barin gida."

Wannan maganar ce ta hana ta sakat. Ta shiga wurin Chinen, shugaban ofis, ta ce tana so shafin ya bar duba, ya tambayi mutum da kansa.

"Haba Yaya Tomie! Kamfani sun ce in aka tare baƙo da tambaya a bakin ƙofa, juyawa yake."

"Baƙon da tambaya ɗaya za ta kora, taliyar matarka ma za ta kore shi."

"Ki bar matata a ciki. Duk wannan saboda tsoho ɗaya?"

"Kawunka da ya tafi a jirgi ɗaya da shi fa? Da yana raye, Turanci za ka yi masa?"

Chinen ya sosa ƙeya, ya ce ta yi abin da ta ga dama, amma in baƙi suka ragu ita za ta amsa.

Ƙofa biyu ta yi a fuskar farko, manya, yadda mai tabarau zai gani. Ɗaya da Turanci, tana yi wa baƙo maraba. Ɗayar da harshenmu, da kalmar da uwa ke faɗa daga madafa in ta ji motsin ɗanta a soro: sannu da dawowa. Wadda mutum ya taɓa, shafin zai riƙe, ba zai sake tambayarsa ba. Jikar Seikichi ce ta ba da labarin sauran. Ta ce kakan nata ya daɗe yana kallon rubutun, ya miƙe zaune sosai, ya ce da ƙarfi, "Na dawo," kamar mai cire takalmi a bakin ɗaki. Sannan ya danna.

Ke ce mai tsaron ƙofarmu, Tomie. Ke ce kika ƙi yarda na'ura ta yanke wa mutum ko shi ɗan ina ne. Ba wanda ya ba ki lambar yabo, ko hotonki babu a shafin da kika raina. Mun gode, kuma mun makara da faɗa.

Bayan ɗan lokaci Seikichi ya sake kira. Ya ce ya karanta komai, har ya kai wurin sanarwar rasuwa, inda ya tarar da kusan duk abokan wasansa. Sai ya ce, "'Yata, in tawa ta zo fa? Ai ba ni cikin mazauna."

"A namu shafin za ka fito, Baba, da sunan Gidan Gabas. Na yi maka alkawari."

Seikichi na nan da ransa, ya haura casa'in, Tomie kuwa za ta tafi. Saboda haka ku da za ku gaji kujerarta, da mu da muka sha amfaninta ba mu sani ba, mu yi koyi da ita, mu riƙa tambayar mutum kafin mu kira shi baƙo. Wata rana waya za ta yi ƙara daga Brazil, ba muryarsa za a ji ba. Duk wanda ya ɗauka, ya sani alkawarin nan a wuyansa yake.